Kyautar waƙar shekara ta Headies: yaushe aka fara, kuma ina waƙoƙinmu?

Ɗan Tudun Wada, Gusau:

Assalamu alaikum. Tambayata a kan kyautar Headies ce, ɓangaren waƙar da ta fi kowace a shekara. Yaushe aka fara ta, wa ya kafa ta, kuma ta yaya ake zaɓe? Sana'ata tura waƙoƙi a waya da memori, ina da ɗan shago a nan Gusau. Matasa Hamisu Breaker suke tambaya da Ado Gwanja da Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa, direbobi da dattawa kuwa Ɗanƙwairo da Sani Sabulu. Ana ce mata kyauta ta ƙasa baki ɗaya, amma ban taɓa jin waƙar Hausa ta ci ba, kuma abin yana ci mini tuwo a ƙwarya. Wanda ya sani ya taimaka.

Malamin Makaranta, Birnin Kebbi:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ba ta gwamnati ba ce, wannan ka fara riƙewa. Ayo Animashaun ne ya kafa ta a Legas a 2006 ta hannun mujallarsa Hip Hop World, kuma da sunan mujallar aka riƙa kiran bikin kafin a mayar da shi Headies. P-Square ne suka fara cin waƙar shekara, D'banj ya ci a 2007, Olu Maintain a 2008. A 2017 ba a yi bikin ba, sai a 2018 Davido ya ɗauka, Burna Boy ya biyo shi a 2019. Bikin 2022 da na 2023 ma a Atlanta ta Amurka aka yi su.

Gaskiyarka, waƙar Hausa ba ta taɓa ci ba. Sai dai kada ka ɗora laifin a kan rashin Turanci. "Gongo Aso" ta 9ice da ta ci a 2009 galibinta Yarbanci ce, "Fada Fada" ta Phyno a 2016 kuma harshen Ibo ya fi yawa a cikinta. Mafi kusa da mu shi ne Ice Prince, wanda ya tashi a Jos, ya ci a 2011, amma shi ma a Legas ya yi waƙar, don kunnen Legas. Batun zaɓe: masu shirya bikin suna fitar da 'yan takara, sannan jama'a su kaɗa ƙuri'a a wannan ɓangaren. Waƙar da ba a ji ta a rediyo da gidajen rawa na Legas ba, da wuya ta shiga jerin tun farko.

Baba na Maradun:

Ɗana, ni jikana ka rubuta min wanga. Ban ga abin baƙin ciki ba in mutanen Ikko sun ba nasu kyauta. Mu ma da tamu hanya tun ba a haifi masu wanga biki ba. Salihu Jankiɗi mutumin Rawayya ne, Sarkin Musulmi Abubakar na uku ya yi wa kiɗi har ya zama Sarkin Taushi. Sa'idu Faru na nan ƙasarmu ya yi wa Sarkin Kudu Macciɗo waƙa tun yana Talatar Mafara. Musa Ɗanƙwairo ya yi wa Sardauna, ya rasu 1991, kuma kai da bakinka ka ce har gobe ana zuwa shagonka neman muryatai. Makaɗi in ya yi waƙa ta yi kyau, nan take a gaban jama'a za a tuɓe babbar riga a aza mai, a jawo doki da sirdi, wani a ba shi gona ko kujerar Makka. Waƙar da ta fi kuwa makaɗi da kansa ka fidda ta, ya ce ga bakandamiyata, kamar yadda Narambaɗa ya yi. In ba ta kai ba, 'yan amshi da mutanen fada ba su bari ta rayu. Abin da ke damuna daban ne: kasakasan da munka saya da kuɗinmu suna lalacewa cikin akwati, yara ba su san amshin ba.

Maman Hanifa, Yawuri:

Baba, Allah ya ƙara girma, maganarka dutse ce, mu ma nan gidan makaɗi Aliyu Ɗandawo muke taƙama da shi. Amma ina ganin ɗan'uwanmu na Gusau yana da hujja. Yaron da ke waƙa a situdiyo yau ba shi da sarkin da zai ba shi doki. Abin da ke buɗe masa ƙofa shi ne sunansa ya fito a irin wannan jeri, kamfanoni su neme shi talla, a gayyace shi wasa a waje.

Kuma yayana na Gusau, kada ka ji haushi, sana'arku tana cikin lissafin. Masu shirya irin wannan biki suna duba yawan sauraro a Audiomack da Boomplay da YouTube. Waƙar da ta zaga Gusau da Ƙauran Namoda da Jega da Zuru ta memori da Xender, ko a kowane gidan biki ita ake sawa, babu inda aka rubuta cewa an saurare ta. Ni ban ce ka rufe shago ba, mutanen ƙauye ba su da kuɗin data, wani wurin ma babu sabis. Amma wanda ka ga yana da babbar waya, bayan ka tura masa, ka nuna masa shafin mawaƙin ya riƙa bi, kuma in lokacin ƙuri'a ya zo aka sa ɗan Arewa a kowane ɓangare, ka liƙa sanarwa a ƙofar shago.