Ƙwayar ƙarin jini ta asibiti ko maganin kwalba?

Maman Hanifa, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Cikina wata shida, da na je awo aka ce jinina ya sauka, aka ba ni jajayen ƙwayoyin nan. Sati uku ke nan ina haɗiya da safe da shayi mai madara, amma tashin zuciya da taurin bayan gida sun hana ni sakat. Mai kemis ɗin layinmu ya ce in ajiye su in sayi na kwalba, naira 6,500. In canza ko in daure?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam 'yata. Zogale da hanta da miyar alayyafo. Goma na haifa, ban san ƙwaya ba.

Ɗan Mile 12: 6,500? Ya ga baƙuwa ne. 3,000 na sayo wa madam.

Ummu Sadik: Ƙanwata, don Allah kada ki ajiye. Ni na ajiye a cikina na uku, na koma lemon malt da madarar gwangwani yadda maƙwabta suka ce. Ranar haihuwa jini ya ɓalle mini ƙarfe biyun dare, aka ce sai leda uku. Maigida ya fita da silifas wari da wari yana buga ƙofofin mutane. Na tashi, yaron bai zo da rai ba. Har yau in na ga gwangwanin madara gabana faɗuwa yake.

Hajiya Babba: Allah Ya sa mai ceto ne. Wannan ƙaddara ce, 'yata.

Malam na Idi Araba: Allah Ya ba da haƙuri. Maman Hanifa, ni ɗakin gwaje-gwaje nake aiki, kuma shayin nan nake zargi. Sinadarin ƙarfe da ke cikin ƙwayar, wanda jiki ke yin jini da shi, ba ya ratsa bangon hanji da kansa. A tantanin ƙwayoyin halittar farkon ƙaramin hanji akwai wani furotin, DMT1, shi ne ƙofar shiga, sannan wani mai suna ferroportin ya fitar da shi zuwa jini. Ganyen shayi yana ɗaure ƙarfen tun bai kai ƙofar ba, kalsiyam na madara ma yana rage shigarsa. Bitamin C kuwa yana mayar da shi siffar da DMT1 ke karɓa, don haka ki sha da lemon zaƙi, ki bar shayi sai bayan awa biyu. Hantar jikin mutum ma tana sakin wani sinadari mai suna hepcidin bayan an sha maganin, ya toshe ferroportin kusan kwana guda, shi ya sa ninka ƙwaya ba ya ninka jini. Ki koma ki faɗa wa likita, yana iya canza miki tsarin sha. Na kwalba da yawa ƙarfen cikinsu bai kai miligiram 30 zuwa 60 da Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce mai ciki ta samu kullum ba, ki duba takardar jikin kwalbar.

Ɗan Mile 12: Ashe hanji ma da maigadi, har da lokacin rufe get kamar estet ɗin Lekki.

Anti Zee: Malam, ka taɓa yin ciki? Mu da muka yi amai da ƙwayar nan mu ne za mu faɗa. Ni na kwalba ya karɓe ni, 8,000 a Obalende.

Ummu Sadik: Anti, ni ma na yi aman, gara shi da abin da na gani. Kuma leda ɗaya sai da aka karɓi kuɗin gwaji, duk da mu muka kawo masu bayarwa.

Baban Khalifa: Nan ne inda ke mini ciwo. Ni cewa aka yi ba za a yi wa matata rajistar awo ba sai na ba da jini, alhali kotu a Legas ta hana wannan tilascin tun 2020.

Hajiya Babba: To in mazan ba su bayar ba, wa zai bayar?

Maman Hanifa: Na gode. Malam, lemon kafin ƙwayar ko tare? Koko fa, shi ma yana ɗaurewa?

Baban Khalifa: Hajiya, a roƙe ni in bayar daban, a riƙe katin matata daban.