Masu judo, yaya kuke yi da gaisuwar durƙuso?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Karatu ne ya kawo ni Osaka a ƙasar Japan, kuma wata biyar ke nan ina koyon judo a wani ƙaramin dojo (ɗakin koyon judo) na unguwarmu. Faɗuwa ba ta dame ni ba, duk da kafaɗata ta hagu ta sha wuya kafin na iya ukemi, wato dabarar faɗuwa ba tare da jin rauni ba.

Gaisuwar ce matsalar. Kafin a fara atisaye, kowa ya yi zaman seiza (wato ya durƙusa ya zauna a kan dugadugansa), ya dafa tabarmar tatami da hannu biyu, ya sunkuyar da kai wajen bangon da aka rataye hoton Jigoro Kano, wanda ya kafa judo a 1882. Goshi ba ya taɓa ƙasa, amma wallahi zuciyata ba ta natsuwa, ya yi mini kama da sujada. Na gwada ɗan rusunawa kawai, sai na ga malamin yana kallona ta wutsiyar ido. Dattijo ne mai kirki, ba na son ya ɗauka raini ne, ga Japanancina bai taka kara ya karya ba.

Akwai wanda ya taɓa shiga wannan hali? Wace magana kuka yi wa malaminku har ya fahimta? Malaman addini kuma, mene ne hukuncin rusunawar tsaye da ake yi wa abokin karawa?