An faɗa wa kawuna kuɗin waya ₦147,000, yanzu ana bin sa ₦264,000: mene ne haƙƙinsa?

Ɗan Makoɗa:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san doka da waɗanda suka san harkar waya a kan wani lamari da ya sami kawuna, wanda manomi ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Makoɗa. Bayan girbin bara ya je cin kasuwar Dambatta ranar Lahadi, ya tarar da wani saurayi a ƙarƙashin lema, sanye da rigar wani kamfani, yana tallar wayoyin da ake biya sannu-sannu. Kawu ya daɗe yana son babbar waya domin ya riƙa ganin jikokinsa da ke Legas, kuma ya riƙa jin farashin hatsi a Dawanau kafin 'yan sari su same shi a gida.

Abin da saurayin ya faɗa masa, a gaban mutum biyu da suka tafi kasuwar tare, shi ne zai ba da ₦30,000 kafin alƙalami, sannan ya riƙa biyan ₦4,500 duk mako har wata shida, jimilla ₦147,000, kuma za a riƙa sa masa data kyauta duk wata har ya gama biya. An ɗauki hotonsa da lambarsa ta NIN, an turo masa wasu lambobi ta saƙon tes ya nuna wa saurayin, sannan ya dangwala yatsa a wata takarda da aka rubuta da Turanci, ba a kuma ba shi kwafinta ba. Kawu yana karatun Alƙur'ani da ajami, amma ba ya karanta boko.

Da wata shida suka cika ya daina biya, sai wayar ta kulle. Na duba manhajar kamfanin na ga an rubuta makonni 52, wato jimillar kuɗin ₦264,000 ce, saura ₦117,000 ke nan a kansa, ga damina ta ƙarato yana neman kuɗin taki. Datar ma tun watan farko ba a sake sawa ba. Lambar saurayin ba ta shiga, su kuwa kamfanin sun ce ai ya amince da sharuɗɗa tun da ya ba da lambobin da aka turo masa. Shin maganar baki da aka yi masa tana da wani nauyi a gaban hukuma, ko kuwa yatsan da ya dangwala ya rufe masa ƙofa?

Mai Gyaran Waya, Kasuwar Waya ta Farm Centre, Kano:

Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, Allah ya fitar wa Baba haƙƙinsa. Irin wannan waya ana kawo mana ita shago, kuma abin da nake fara faɗa wa kowa shi ne kada ya yarda wani ya ce zai yi mata filashin, wato ya goge manhajar wayar ya sa sabuwa, ya cire makullin, domin sau da yawa makullin yana dawowa da zarar ta hau intanet, wani lokaci wayar ta mutu gaba ɗaya, sannan kamfani ya sami hujjar cewa kai ne ka fara saɓa yarjejeniya. Ku bar ta yadda take. Ku nemo kwalinta, domin lambar IMEI tana jikinsa, kuma da ita kamfani yake gane wayar. Idan wayar tana barin a danna lamba, *#06# zai fito da ita. Ku ɗauki hoton duk abin da manhajar ta nuna da wata wayar, ku tattara saƙonnin biyan kuɗi da rasit na mai POS, ko da sun koɗe.

Waɗannan yara masu lema yawanci kamasho ake ba su a kan kowace waya da suka fitar, shi ya sa wanda ba ya tsoron Allah a cikinsu yake rage yawan makonni a baki don ciniki ya faɗa. A ganina dai, tun da akwai takarda da yatsa a kai, zai yi wuya ku ja da kamfani. Da ni ne, da na je ofishinsu na roƙi ragi kawai.

Tsohon Magatakardan Kotu, Bichi:

Shawarar Malam mai gyara game da barin wayar da tattara hujjoji daidai ce, amma ban yarda da cewa roƙo kaɗai ya rage muku ba, kuma irin wannan tunani ne yake sa ana ci gaba da cutar mutanen ƙauye. Ɗana, akwai doka ta tarayya a kan wannan, wato Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, wato FCCPC, a madadin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa a 1992. Sashe na 125 na dokar ya yi magana kai tsaye a kan abin da ya sami kawunka: idan kamfani, ko wani da ke aiki da sunan kamfani, ya faɗa wa mai saye maganar ƙarya ko mai ruɗarwa a kan wani muhimmin al'amari na ciniki, ko ya ga mai saye ya fahimci abu a karkace bai gyara masa ba, to kamfanin ne ke da alhakin biyan diyya da mayar da kuɗi. Ka lura da kyau, dokar ta haɗa da wanda ke aiki da sunan kamfani. Saboda haka ɓacewar saurayin ba ta wanke su ba, matuƙar ta hannunsa aka yi wa kawunka rajista a manhajarsu, kuma su ne suka riƙa karɓar kuɗin duk mako. Yawan makonnin biya kuwa ba ƙaramin al'amari ba ne, shi ne farashin kansa.

Game da takardar Turanci, sashe na 114 ya ba mai saye haƙƙin a yi masa bayani cikin harshe mai sauƙi da zai fahimta, sashe na 124 kuma ya hana a ci moriyar rashin karatun mutum ko rashin fahimtarsa ga harshen da aka rubuta yarjejeniya da shi. Ba ina cewa yatsan da ya dangwala ba shi da wani tasiri ba ne. Kamfani zai riƙe shi da ƙarfi, kuma alƙali zai duba shi. Abin da nake cewa shi ne za a tambayi yadda aka yi har yatsan ya hau takardar, wa ya karanta masa, da wane harshe, kuma me ya sa ba a ba shi kwafi ba. A nan ne mutum biyun da suka raka shi suke da muhimmanci. A zaunar da su tun yanzu, kowa shi kaɗai, a rubuta abin da ya ji da kunnensa ba tare da an ƙara masa ko kalma ɗaya ba, domin shaidar da aka kitsa wa mutum a baki takan warware a gaban alƙali.

Sashe na 146 ya jero hanyoyin neman haƙƙi: a kai wa kamfanin da kansa, ko hukumar da ke kula da fannin, ko FCCPC, kuma ƙofar kotu a buɗe take. Ku fara da rubuta wa kamfanin wasiƙa, ku kai ofishinsu, a buga muku hatimi a kwafinku, domin kiran waya ba ya barin sawu. Idan ba su saurare ku ba, FCCPC tana karɓar ƙorafi ta shafinta na intanet, kuma Jihar Kano tana da tata hukumar kare haƙƙin masu saye. Akwai kuma kotun ƙananan da'awowi a ƙarƙashin kotunan majistare na Kano, wadda aka tsara domin mutum ya shigar da ƙarar kuɗi da kansa ba sai ya ɗauki lauya ba.

Maganar data tana buƙatar a rarrabe. Idan kamfanin layi ne ya yi alkawarin, sai a fara kiran su a 300 a karɓi lambar ƙorafi, idan ba a warware ba a kira hukumar sadarwa ta NCC a 622, kyauta ne. Idan kuwa masu sayar da wayar ne suka yi alkawarin, to a haɗa shi cikin wasiƙa ɗaya da batun makonni. Wataƙila su fake da ƙarin kuɗin kira da data da NCC ta amince da shi a Janairun 2025, wanda ya kai kashi 50 cikin ɗari, amma wannan ƙari bai shafi adadin makonnin da aka yi ciniki a kai ba, kuma bai soke alkawarin da aka yi don a jawo mai saye ba.

Malamin Zaure, Kunchi:

Allah ya saka wa Baba Magatakarda da alheri. Zan ƙara abin da ya shafi Shari'a, tun da kawun naka da shaidunsa za su fi natsuwa idan suka san matsayinsu a addini. Jumhurun malamai sun halatta a sayar da kaya da ajali a kan farashin da ya fi na kuɗi hannu, amma da sharaɗin a tsayar da farashi ɗaya sananne da ajali sananne kafin a rabu. A mazhabarmu ta Malikiyya, jahiltar farashi ko ajali tana ɓata ciniki, kuma ɓoye wa mai saye gaskiya domin ya amince yana ba shi zaɓin warware cinikin. Hadisin da ya zo a Sahihu Muslim sananne ne, cewa wanda ya yi mana algus ba ya cikinmu, kuma algus bai tsaya ga mudu da buhu ba, yana shiga lissafin kuɗi.

Ayar bashi, wato aya ta 282 a Suratul Baƙara, ta umarci a rubuta bashi, amma ta ce wanda bashin yake kansa shi ne zai yi shifta, idan kuma ba zai iya ba waliyyinsa ya yi masa da adalci, sannan a kafa shaidu. Takardar da mai bin bashi ya rubuta shi kaɗai, da harshen da wanda ake bi ba ya ji, ba a karanta masa ba, ta yi nisa da wannan tsari. Duk da haka ina jan hankalinku cewa abin da kawu ya amince da shi a baki, wato ₦147,000, haƙƙin kamfani ne kuma ya riga ya biya, don haka kada fushi ya sa a nemi fiye da abin da aka zalunta. Shaidun nan biyu kuma a tuna musu cewa ɓoye shaida zunubi ne, kada su ja baya don tsoron ofis ko kotu.

Hajiya Mai Adashi, Dambatta:

Ɗana, ku je wurin Sarkin Kasuwa da shugabannin masu sayar da waya na kasuwar, domin ba a kafa lema ranar Lahadi ba tare da wani ya san mai ita ba, kuma ta nan za a iya gano yaron ko wanda ya tsaya masa. Ku kuma sanar da mai unguwa da dagaci, su yi cigiya a masallaci ko akwai wasu da aka yi wa irin wannan, musamman mata, waɗanda sukan aiki yaro ya karɓo musu waya sannan su yi shiru don kunya idan ta kulle. Koken mutum goma da suka ji magana iri ɗaya daga bakin yaro ɗaya ya fi na mutum ɗaya ƙarfi a kowane ofis.

Ɗan Makoɗa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Mun sami kwalin da mafi yawan rasit ɗin, shaidun kuma sun ce a shirye suke. Baba Magatakarda, abu ɗaya ya rage da yake damun kawu: shin ya ci gaba da biyan ₦4,500 don wayar ta buɗe kafin a gama magana, ko biyan zai zama kamar ya yarda da makonni 52 ɗin?

Tsohon Magatakardan Kotu, Bichi:

Tambayar tana da kyau, ɗana. Kada ya ƙara biyan ko sisi kafin wasiƙarku ta isa hannunsu kuma ku karɓi kwafi mai hatimi, domin biyan da aka yi shiru bayan an gano gaskiya kamfani zai iya kafa hujja da shi. Idan larura ta sa dole sai wayar ta buɗe, to ku rubuta a fili cikin wasiƙar cewa duk abin da zai biya daga wannan rana yana biya ne ba da yardarsa ba, don kawai a buɗe masa waya, kuma zai nemi a mayar masa. Idan kuwa zai iya haƙuri da ƙaramar waya na ɗan lokaci, ya cire layinsa ya sa a cikinta, ya adana babbar a kwalinta, kuɗin ya tafi ga taki.

A cikin wasiƙar ku faɗi ranar ciniki da wurin da aka yi shi, da abin da wakilinsu ya faɗa, da sunayen shaidu, da jimillar abin da aka biya, da lambar IMEI. Ku nemi su ba ku kwafin takardar da ya dangwala wa yatsa da cikakken lissafin biyansa, tare da sunan wakilin da ya yi masa rajista, domin yana cikin na'urarsu. Sannan ku faɗi abin da kuke so ƙarara: ko su cire makullin har abada a kan ₦147,000 da aka riga aka biya, ko su karɓi wayarsu su mayar da kuɗi. Ku ba su wa'adin mako biyu, ku kuma ambaci cewa bayan wa'adin za ku kai wa FCCPC da hukumar jiha. A rubuta ta da Hausa a karanta wa kawu ya amince da kowane layi, sannan a yi ta Turanci a haɗa su biyun, shi da kansa ya sa hannu da ajami, kai kuma ka rubuta sunanka a ƙasa a matsayin wanda ya rubuta masa kuma ya karanta masa.