Takardar ɗan asali: ita ke hana baƙo zama ɗan gari?

Malam Sabi'u: Ina nan kan bakana. Abin da ke hana baƙo zama ɗan gari a Najeriya takardar ɗan asali ce, wadda ƙaramar hukuma ke bayarwa. Kakana haƙar kuza ta kawo shi Jos, nan aka binne cibiyar babana da tawa. Bara ɗana ya je sakatariya neman ta zai shiga soja. Ma'aikacin ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Wa ye dagacinku?" Ya turo masa fam ɗin, wai ya koma garin kakansa, garin da yaron ko tasharsa bai sani ba.

Malama Laraba: Allah ya ba da haƙuri, Malam. Amma ka dubi tsoron masu gari. A Jos, Birom da Afizere da Anaguta gani suke in aka buɗe ƙofar nan, kujera da sarauta da gona duk za su suɓuce. Tun da Babangida ya ƙirƙiro ƙaramar hukumar Jos ta Arewa a 1991 ake wannan ja-in-ja. Rikicin 1994 kan naɗin shugaban riƙo ya tashi, na 2008 kan zaɓen ƙaramar hukuma. Rigimar mulki ce, takarda bayanta take bi.

Malam Sabi'u: To ai mai mulkin shi ke riƙe da biro, Malama.

Ɗanjuma na Fagge: Baba Sabi'u, a gafarce ni, amma laifi tudu ne. Sabon Garin Kano ya haura shekara 100. Akwai Ibo da Yarbawa da aka haifi iyayensu a can, Hausa a bakinsu kamar jakin Kano, suna biyan harajin shago. Mu muna ba su takardar? Wanda aka ba, yawanci sai ya saje da mu har suna.

Alhaji Tanko, Kumasi: Mu a zango mun ga wanda ya fi wannan. A 1969 gwamnatin Busia a nan Ghana ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su fice, aka kwashe har waɗanda aka haifa a nan. A 2017 kuma aka kafa asusun raya zanguna. Kuɗi sun shigo wasu unguwanni, amma mai suna Tanko har gobe sai an tambaye shi daga ina kakansa ya zo.

Malama Laraba: El-Rufa'i ma ya ce ya soke bambancin ɗan asali da baƙo a Kaduna, aka koma katin zama.

Ɗanjuma na Fagge: Ya soke a jiha. Je ki nemi aikin tarayya ki ga ko ba za a ce ki kawo ta ƙaramar hukuma ba.

Malam Sabi'u: Ɗanjuma, maganar Sabon Gari na karɓa, ka kama ni. Yaron dai ɗaukar bana ma ta wuce shi.