Aristo na zaure da Aristot na lise: mutum ɗaya ne?

Baban Ɗalibi, Birni:
Assalamu alaikum. Ɗana yana ajin tarminal, wato ajin ƙarshe na lise (babbar sakandare), yana shirin jarrabawar bak ta kammala karatun, kuma kwanakin nan ba shi da zance sai na wani Aristot. Ni kuwa na tuna lokacin da muke karatun mantiƙi, wato ilimin auna hujja, a zaure, malaminmu, Allah ya jiƙansa, yakan ambaci Aristo, yana kiransa malami na farko. Shin mutum ɗaya ne, kuma me ya hana sunansa ɓacewa?

Malamin Falsafa, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Mutum ɗaya ne. An haife shi a shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) a arewacin Girka, mahaifinsa kuwa likitan sarkin Makidoniya ne. Yana ɗan shekara 17 ya tafi birnin Atina, ya zauna gaban malamin falsafa Aflaton kusan shekara 20, daga baya sarki Filibus ya kira shi ya karantar da ɗansa Iskandar. A shekara ta 335 ya buɗe tasa makarantar a wani wuri da ake kira Likiyon, kuma daga wannan sunan Faransawa suka samo kalmar lise, wato ɗanku yana furta sunan makarantar Aristo kowace safiya. Da Iskandar ya mutu a 323, mutanen Atina suka zargi Aristo da raina allolinsu, ya gudu zuwa garin Kalkis, inda ya mutu a 322 yana da shekara 62.

Almajirin Garin Malam:
Malam ya faɗi gaskiya, sai dai mu ta Bagadaza ya iso mana, tun kafin Faransawa su san hanyar Damagaram. A zamanin Abbasiyawa, Hunaini ɗan Ishaƙa da ɗansa suna cikin waɗanda suka mayar da littattafan Aristo zuwa Larabci, Farabi ya ƙware a kansu har aka yi masa laƙabi da malami na biyu, Ibnu Rushdi na Ƙurɗuba kuma ya yi musu sharhin da Turawa suka fassara suka karanta. Imam Gazali ya ƙaryata masu falsafa a kan cewa duniya ba ta da farko, amma bai yar da mantiƙi ba, domin ya ɗauke shi ma'aunin da ake gane hujja mai ƙarfi da shi. Sullam ɗin da kuka karanta a zaure, Alhaji, littafin mantiƙin nan da mai Ahalari ya tsara, reshe ne na wannan itacen.

Malamar Kimiyya, Zango:
Kada dai a ɗora Aristo inda bai kai ba. Ya ce rana ce take kewaya ƙasa, ya kuma rubuta cewa haƙoran mata ba su kai na maza yawa ba, alhali sau biyu ya yi zaman iyali, ƙirgawa ba za ta gagare shi ba.

Baban Ɗalibi, Birni:
Na gode, malamai. Yau da dare zan zaro Sullam ɗina daga akwati, mu ɗora shi kusa da littafin yaron mu gani.