Musayar Waƙa: Ina Soyayyar Take a Waƙoƙin Romantik na Ingila?

Ɗalibar Adabi:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. An ba mu darasin mawaƙan Ingila da ake kira Romantik, na karanta har kaina ya ɗaure. Ga tambayata a baiti, yadda aka saba.

Sallama gare ku ma'abota waƙa,
Ƙanwarku ce ta taho da tambaya.
An ce da ni Romantik zan karanta,
Na ɗauka zance ne na soyayya.
Na buɗe littafin ina ta dubawa,
Ban ga saurayi ba, ban ga amarya.
Sai tafki, sai duwatsu, sai makiyayi,
Sai wata tsohuwa a bakin hanya.
Sai yaro mai sharar bututun hayaƙi,
Da jirgin da ya kafe a teku, ba tafiya.
Malam, ka warware mini wannan ƙulli,
Me ya haɗa su a tsintsiya ɗaya?

Malam Mai Alli:
Wa alaikumus salam 'yata. Kin kama amsa-amon "ya", ni ma a kansa zan tafi.

Sunan ne, 'yata, ya kai ki nesa,
Kalmar ta girmi zancen soyayya.
Tushenta labaran jarumai na dauri,
Masu ban mamaki, irin na tatsuniya.
Su kansu ba su kira kansu da shi ba,
Masu nazari suka raɗa shi daga baya.
Kafin su zo, waƙa a Ingila
Ta manya ce, mai ado da kwalliya.
Mawaƙi Pope na jera ɗango bibbiyu a tsare,
Kamar an auna su da mudu da tiya.
Hankali ne sarki, ƙa'ida waziri,
Zuciya kuwa tana ɗakin ajiya.
Da 1798 ta zagayo,
Abokai biyu suka sake hanya.
Wordsworth da Coleridge, a birnin Bristol,
Suka fid da littafi, ba sunan ko ɗaya.
Lyrical Ballads, ɗan ƙaramin kundi,
Shi ne ya zame musu mafarin tafiya.
A bugu na biyu, na 1800,
Wordsworth ya yi shimfiɗa, ya ɗaga murya:
Waƙa ta yi magana da harshen mutane,
Na manomi da na mai kiwon tunkiya.
Abin da ya cika rai har ya tumbatsa,
In an natsu aka tuno shi, shi ne waƙar gaskiya.

Ɗan Kurmi:
Allah ya ƙara basira, Malam. Sai dai kun nuna mata hayaƙin, bari in nuna mata inda wutar ta tashi. Ni da ƙwar huɗu na zo.

A 1789 Faris ta motsa,
Kurkukun Bastil jama'a ta rutsa,
Ƙofofin nan masu nauyi aka fasa,
Matasan Ingila suka ji a jikinsu.

Wordsworth ya je da ƙafa yana yaro,
Ya ga ana rawa a dandali da taro,
Ya zaci an binne zalunci da tsoro,
Talakawa sun kwance igiyar wuyansu.

Sai 1793 aka sare kan sarki,
Jini ya kwarara, abin mamaki,
Ingila da Faransa suka shiga yaƙi,
Mafarkin samari ya fashe a hannunsu.

A gida kuma injin tururi na ruri,
Masaƙu sun cika Manchesta da sauri,
Ƙauye ya kwashe kaya ya nufi gari,
Ƙananan yara na aiki don cikinsu.

Blake na Landan, mai zane a jan ƙarfe,
Ya ga yara sun fito tun da safe,
Da baƙin bututu jikinsu a shafe,
Ya yi musu waƙa, ya ɗauki kukansu.

Don haka in kin ga sun nufi tafki,
Ba hutu suka je yi ba daga aiki,
Hayaƙi suka guje wa da mugun mulki,
Suna neman abin da birni ya ƙwace musu.

Gwaggo Mai Lambu:
Ku maza kun tafi siyasa. Ni furen dafodil nake so in nuna wa yarinyar nan, da matar da ta fara rubuta labarinsa.

Zo nan 'yata, ki bar su da yaƙi,
Mu je bakin tafki, akwai abin dubawa.
Ran 15 ga Afrilu, 1802,
Iska na busawa, ruwa na motsawa.
Wordsworth da Dorothy, ciki ɗaya suke,
Wa da ƙanwa, a ƙafa suke zagawa.
A gefen Ullswater suka yi kiciɓis
Da furanni rawaya suna rausayawa.
Wasu sun jingina kai a kan duwatsu,
Kamar gajiyayye yana hutawa.
Dorothy ce ta sa shi a littafinta
Na yau da kullum, ba don bugawa.
Wan ya bar abin ya jiƙa a ransa,
Shekara biyu kafin ya soma rerawa.
Ya ce in ya kishingiɗa shi kaɗai a ɗaki,
Furannin nan a zuci suke dawowa.
Kin ga abin da Malam ya faɗa miki,
A gani, a yi shiru, sai daga baya tunawa.
A wurinsu daji ba adon baiti ba ne,
Malami ne, mai horo da warkarwa.
Amma abu guda yana yi mini ciwo:
Idon na ƙanwa ne, yabo ya tafi ga wa.

Ɗalibar Adabi:
Gwaggo, na gode, na ga furen da idona,
Saura jirgin nan da ya hana ni kwana.

Mai Tatsuniya:
Wannan nawa ne, ƙanwata.

Jirgin da kika gani na Coleridge ne,
Sun raba aikin ne tsakanin juna.
Wordsworth ya ɗauki abin yau da kullum,
Ya wanke shi fes, ya sake masa suna.
Coleridge ya ɗauki abin da ido bai gani ba,
Ya sa ki gaskata shi da tsakar rana.
Tsohon matuƙi ya tare baƙon biki,
Ya kafe shi da ido, ya ce tsaya ka ji magana.
Babban tsuntsun teku ya biyo jirginsu,
Suna ba shi abinci, ya zama ɗan amana.
Tsohon ya harbe shi haka kawai, ba dalili,
Iska ta ɗauke, ba ruwan sha, sai ƙuna.
Aka rataya masa gawar a wuyansa,
Abokai 200 suka zube, shi kaɗai ya kwana.
Sai ran da ya ga macizan ruwa na ƙyalli,
Ya sa musu albarka, rai cike da ƙauna,
Gawar ta sulale ta nutse a teku.
Idon zuci ke nan da Coleridge ya nuna.

Ɗan Kurmi:
Malam, a gafarce ni, zan ɗan taɓa dattijon da kuke ƙauna. Na baya ma suna da haƙƙi a kanmu.

Wordsworth da ya manyanta ya sauya riga,
A 1813 aikin gwamnati ya shiga,
Mai raba kan sarki na haraji, tutar manya ya ɗaga,
Samari masu tasowa suka ce ya bar su.

Byron, ɗan sarauta, a majalisar manya,
A 1812 ya miƙe ya ɗaga murya,
Masaƙan Nottingham da suka karya
Injina don yunwa, ya ce kar a rataye su.

Ya kai dukiyarsa Girka, yaƙin 'yanci,
Don su fita daga hannun Turkawa da ƙunci,
A 1824 zazzaɓi ya yanke lokaci,
Yana da 36 ya cika a ƙasarsu.

A 1819 a Manchesta an taru,
Neman ƙuri'a, mata da yara sun jeru,
Mahaya suka zare takubba, abin da ya faru
Ya sa Shelley a Italiya ya yi waƙar jininsu.

Ya ce su tsaya ƙyam, hannu ba sanda,
Su ne da yawa, ko da an ƙi yarda,
Sai 1832 ta fito a takarda,
Shekara 10 bayan teku ta raba shi da su.

Malam Mai Alli:
Ɗana, ban musa ba, dattijon ya sauya,
Amma waƙar ƙuruciyarsa ba ta yi ƙarya.
Nemi ta tsohon makiyayin Grasmere,
Da ɗansa ya je birni ya shiga duniya.
Shingen tumaki na dutse suka soma tare,
Tsohon kan je ya zauna, bai ɗaga ko ɗaya.

Anti Mai Jinya:
Na dawo daga aikin dare na tarar ba wanda ya ambaci Keats. Ba zan kwanta ba sai na biya masa.

Ni Keats nake ji, don ɗan sana'armu ne,
Ɗaurin rauni ya koya kafin waƙa.
Uwarsa ta tafi, ƙaninsa Tom ya bi ta,
Ciwo guda ya ɗauke su, tarin fuka.
Shi ya yi jinyar Tom dare da rana,
A Disambar 1818 yaron ya cika.
Da sanyi ya wuce, tsuntsun dare a lambu
Ya dinga rerawa, kamar daɗi, kamar kuka.
A shekara guda tak, 1819,
Ya zubo waƙoƙin da suka ɗaukaka.
Shi ba ya wa'azi, sai ya sa ka ɗanɗana,
Ka ji ƙamshin kaka, ka taɓa da hannunka.
Wani dare ya yi tari, ya ce a kawo kyandir,
Ya dubi launin jinin, bai yi shakka.
Ya ce da abokinsa tasa ta ƙare,
Aka kai shi Roma ko zai dace da iska.
A Fabrairun 1821 ya rasu a can,
Yana da 25, ƙuruciya na tsaka.

Ɗan Manomi:
Iyayena, kowa ya yi ƙoƙari, amma har yanzu masu kallon manomi kuke kawo mana. Ga manomin da kansa.

Duk waɗanda kuka lissafa sun ga gona,
Amma John Clare shi ya rayu da noma.
Ɗan ƙodago ne daga ƙauyen Helpston,
An haife shi a 1793, cikin fama.
Ya san sheƙar tsuntsaye ɗaya bayan ɗaya,
Da sunan ƙauye ya kira su, bai roƙi alfarma.
Sai dokar shinge ta 1809 ta sauka,
Makiyayar kowa aka yanka ta da izinin hukuma.
Aka sare itatuwa, aka toshe turba,
Inda ya yi wasan ƙasa aka kafa alama.
Littafinsa na 1820 ya yi kasuwa,
Landan ta yi yayinsa, ta juya, ta gama.
Masu bugawa suka riƙa goge kalmomin ƙauyen,
Harshen nan da Malam ya ce shi ake nema.
Hankalinsa ya taɓu, aka kai shi gidan magani,
A 1841 ya gudo, gida zai koma.
Mil 80 a ƙafa, cikin kwana huɗu,
Har ciyawar hanya ya ci da yunwa ta kama.
Yana neman Mary, masoyiyar ƙuruciya,
Ta shekara uku a ƙasa, shi bai sani ba ma.
Aka kai shi Northampton a ƙarshen shekarar,
Yana ta waƙa har 1864, can ya kwanta dama.

Ɗalibar Adabi:
Yaya, ka sa na ajiye biro na yi jugum,
Ina hango mutumin nan a kan hanya.
Na ce ban ga saurayi a littafin ba,
Ashe yana tafe, mil 80, shi ɗaya.
Malam, Clare ba ya cikin takardar da aka ba mu,
Gobe da safe zan je ɗakin karatu in tambaya.

Malam Mai Alli:
Allah ya ba da sa'a, 'yata. In kin same shi, ki fara da waƙoƙinsa na sheƙar tsuntsaye.