Ranar da aka ce an kashe shugabansu, kuna ina?

Ɗan Kurna: Jiya a majalisarmu gardama ta kaure kan ko kashe shugaban 'yan ta'adda yana kashe wutar. Ba sharhin rediyo nake nema ba. Wanda abin ya taɓa a Kano ya faɗi abin da ya gani.

Dattijo daga Fagge: Ɗana, ni na ga rikicin Maitatsine, Disambar 1980. Gidanmu ba nisa da 'Yan Awaki. Kwana da kwanaki ba mai leƙa zaure, geron gidan ya ƙare, mahaifiyarmu ta koma dama mana kunun tsaki. Da sojoji suka shigo aka ce Marwa, wato Maitatsine, ya mutu, wallahi har guɗa na ji. Alkaluman hukuma sun ce mutum 4,177 suka rasu. Ban ji tausayinsa ba, a fagen faɗa ya samu raunin da ya kashe shi. Sai dai almajiransa sun watsu: Bulumkutu ta Maiduguri a 1982, Jimeta a 1984, Gombe a 1985. Mu muka huta, wasu suka ɗauka.

Malama daga Hotoro: Baba, na Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, daban ne. A Yulin 2009 sojoji sun kama shi da ransa a Maiduguri, suka miƙa wa 'yan sanda, bayan sa'o'i sai gawa. Ni ma ranar cewa na yi an rabu da ƙaya. Ranar Juma'a 20 ga Janairun 2012, bayan la'asar, ina tsinke zogale ƙarar farko ta bama-baman mabiyansa ta taso ta wajen Bompai, gilashin tagata ya zube cikin kwanon. Ƙanena ya fita da safe. Kwana uku muna bin ɗakunan ajiye gawa, da takalminsa muka gane shi. Wanda aka riga aka kama, alƙali ke yanke masa hukunci, ko a shari'a ko a dokar ƙasa. Da an gurfanar da Yusuf, da an tambaye shi wa ke ba shi kuɗi.

Tsohon ɗan acaɓa: Allah ya jiƙan ƙanenki, Yaya. Amma wa zai tsaya shaida a wancan lokacin? Kuma a wane kurkuku? An fasa na Bauci a 2010, an fasa Kuje a 2022. Ni da aka hana goyo a babur bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero a 2013, arha na sayar da nawa, yanzu Adaidaita Sahu nake ja na wani. Sau nawa aka ce an kashe Shekau, magajin Yusuf, ya sake fitowa yana dariya? Da ya mutu da gaske a Sambisa a Mayun 2021, dubban yaransa suka ajiye makami.

Malama daga Hotoro: Amin, ƙanena. Shekau ai ba a hannu yake ba, ISWAP, ɓangaren da ya ɓalle daga Boko Haram, ce ta ritsa shi. Ni maganar wanda ke hannu nake yi.